Karatu a Jamus da motar dizal 'yar Jamus: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Ɗana ya gama digirin injiniya, yana son yin na biyu a waje. An ce a Jamus karatu kyauta ne. In sayar da filina in tura shi can, ko Ingila ta fi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Maganar kyauta gaskiya ce, amma kuɗin makaranta kaɗai ta shafa. Zuwa 2014 duk jihohin Jamus sun soke kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati, sai 'yan ɗaruruwan Yuro na hidimar zango. Daga baya jihar Baden-Württemberg ta dawo da caji a 2017, Yuro 1,500 kowane zango ga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, Jami'ar Fasaha ta Munich ma ta fara karɓa a 2024. Ya duba jihar tukuna kafin ya nemi gurbi.

Inda kuɗin zai tafi shi ne wajen biza. Sai ya nuna abin da zai ci na shekara guda, galibi a asusun da ake kullewa: tun Satumbar 2024 Yuro 11,904 ne, ana sakar masa 992 duk wata. A Munich ko Frankfurt hayar ɗaki kaɗai kan cinye fiye da rabin wannan, ga inshorar lafiya da ta zama dole. A garuruwan gabas irin su Chemnitz da Magdeburg kuɗin kan kai shi ƙarshen wata.

Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki kwana 140 a shekara, in ya gama kuma yana da wata 18 na neman aiki. Sai dai kada a ɗora lissafi a kan cewa aikin na jiransa. Tattalin arzikin Jamus ya ja baya a 2023 da 2024, bayan yankewar iskar gas ta Rasha ta tsadantar da makamashi, kuma Volkswagen ya amince zai rage ma'aikata 35,000 nan da 2030. Injiniyan da ba ya jin Jamusanci shi ne ake fara tsallakewa, ko da da Turanci ya yi karatun.

A ganina Jamus ta fi Ingila ga mai ƙaramin ƙarfi, domin a Ingila kuɗin makaranta kaɗai ya isa ya lashe filin. Amma don Allah, Hajiya, kada ki sayar sai takardar gurbi ta zo hannu. Kafin nan ya fara koyon harshen, ya kuma nemi tallafin karatu na DAAD, ƙungiyar Jamus mai tallafa wa ɗaliban ƙasashen waje.

Tambaya: An kawo mini mota mai shan dizal daga Jamus da araha. In saya? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, arahar tana da dalili. Tun 2008 biranen Jamus suka fara keɓe unguwannin da mota mai hayaƙi ba ta shiga, a 2019 kuma Stuttgart ta hana tsofaffin motocin dizal. Irin waɗannan ne suke rasa daraja a can, a loda su a jirgi zuwa Kwatano. Wannan bai sa injin ya zama marar kyau ba. Matsalar ita ce da yawansu suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda dizal marar tsabta da gajerun tafiye-tafiye cikin gari ke toshewa, gyaranta kuma yana da tsada. In doguwar hanya kake bi, kamar Maraɗi zuwa Yamai, kuma kana da bakaniken da zai sa mata kwamfuta ya duba kafin ka biya, saya. In zirga-zirgar kasuwa ce kawai, ɗauki mai shan fetur. Ka kuma nemi takardar binciken TÜV (masu duba lafiyar motoci a Jamus) ta ƙarshe, ka gwada kilomitar da ke ciki da wadda motar ke nunawa.