Taga Tana Ɓullowa, Amma Ba Mai Barin Imel

Ka ce, "Maigida, na sa taga mai ɓullowa a shafin, mutane na shigowa, amma ba mai barin imel ɗinsa. Ina matsalar take?"

To ɗana, sake karanta abin da ka rubuta a saman tagar: "Yi rajista don samun labaranmu." Wa ya damu da labaranku? Mutum ba ya ba da adireshinsa haka kawai, sai ya ga abin da zai shigo hannunsa. Kanun ya faɗi ribar ƙarara, a taƙaice: "Karɓi kurakurai biyar da ke kashe batirin waya." A ƙasansa sai layi ɗaya da zai gaya masa sau nawa saƙo zai riƙa zuwa, kuma yana iya fita duk sadda ya ga dama. Wannan layin ne ke kwantar da hankalin mai gudun a cika masa akwati da tarkace.

Gurbi ɗaya ya isa, na imel. Kowane gurbi ka ƙara, suna ne ko lambar waya, wasu za su juya. A kan maballi kuma kada ka rubuta "Tura". Sa maganar a bakinsa: "Aiko min da su." Maballin ƙi ya zama "A'a, na gode". Masu rubuta "A'a, ba na son ci gaba" suna tsammani wayo ne, alhali cin fuska ne.

Sai lokaci, kuma nan galibi ake tafka kuskure. Idan tagar ta tare shi tun bai karanta layi ɗaya ba, rufewa zai yi. Bari ya kai rabin shafin tukuna, ko a kwamfuta ta fito sa'ad da linzami, wato kibiyar da ake nuni da ita a allo, ya nufi sama zai fita. A waya babu linzami, don haka yi ƙaramar taga daga ƙasa, da alamar rufewa wadda yatsa zai iya samu. Tun Janairun 2017 Google ke iya rage wa shafin da taga ke rufe abin karantawarsa a waya matsayi a sakamakon bincike. Wanda ya rufe ta kuma, kada ta sake fito masa sai bayan kwanaki.

Idan akwai masu karatu daga Tarayyar Turai, dokarsu ta kare bayanan mutane, GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ba ta ɗaukar akwatin "na yarda" da ka yi wa alama da kanka a matsayin amincewa. Su za su danna.

Wajen gwaji, canza abu ɗaya kawai, kanu ko maballi. Ka canza biyu tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba.