Hukuncin Sana'ar Hoto: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Algus Ya Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, jihar Jigawa. Na sayi kyamarar Canon ta hannu, ina ɗaukar hoton fasfo da na suna da na biki. Gabanin Babbar Sallah kuma dillalan kasuwar Maigatari kan kira ni ranar Alhamis in ɗauki raguna, su tura wa masu saye a Kano da Legas. Wani ɗan'uwa ya ce mini sana'ar nan haram ce. Sannan mutane kan fito baƙi ƙirin a hotona, sai in haska su a waya, wasu ma su ce in ƙara musu fari. Wani dillali kuma ya ce in riƙa ɗaukar rago yadda zai yi girma. Mene ne hukuncin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, wanda ya ce maka haram ce ba daga kansa ya faɗa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa masu yin sura su ne mafi tsananin azaba ranar ƙiyama. Wani mutum kuma ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin sura yake ci, sai ya tsoratar da shi, sannan ya ce idan ba makawa ya yi na bishiya da abin da ba shi da rai. Da waɗannan hadisai Shaikh Ibn Baz ya hana hoton kyamara sai da lalura, kamar na fasfo da katin shaida.

Amma a mazhabar Imam Malik da muke kai, abin da aka haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, wato gunki. Wadda take shimfiɗe a takarda ko a tufa ba ta kai haram ba, iyakarta karhanci. Haka Shaikh Dardir ya yi bayani a babin walima, kuma suna kafa hujja da hadisin Abu Ɗalha da ya togace zanen da yake jikin tufa. Game da kyamara kuwa, Muftin Masar Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta ta, domin mai kyamara bai ƙaga wa kowa ido ko hanci ba, hasken da ya taso daga halittar Allah ya tsare, kamar yadda madubi yake yi. Shaikh Ibn Usaimin ma bai sa hoton nan-take cikin surantawar da aka hana ba, ya ce hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta. Wannan shi ne abin da na rinjayar: sana'arka halal ce, kuɗinta halal ne, matuƙar abin da ka ɗauka ya halatta a kalla. Wanda ya bar ta don tsantseni kuma ba a zarginsa.

Tambayarka ta biyu ta fi buƙatar tsayawa, domin rabinta ba matsalar fiƙihu ba ce, matsalar aiki ce. Kyamara ba ta san fuska ba. Jimillar hasken da ke gabanta take aunawa, ta mai da shi tsaka-tsaki. Idan dattijo ya tsaya cikin farar shadda da tsakar rana, sai ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, rigar ta koma ruwan toka, fuskar kuma ta nutse. Ga hula ko rawani ya jefa inuwa a kan idanu. Baƙin da kake gani a hoton ba na mutumin ba ne, kuskuren awo ne.

Maganinsa kafin ka danna ne. Ka fitar da shi daga rana ka tsayar da shi a bakin zaure, yana fuskantar waje, kai kuma bayanka ga haske. Inuwar darbejiya ma tana yi, sai dai ka duba kada ɗigon rana ya ratso ganye ya yi masa dabbare-dabbare a fuska. A kyamararka akwai maɓalli mai alamar +/-, ka ƙara daga +2/3 zuwa +1, ka duba ko zubin aikin rigar bai ɓace cikin fari ba. Ka sa yaro ya riƙe farin kwali a ƙasa da ƙirjin mutumin, tazarar kamar mita 1, ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa da idanu. Idan dole ne a tsakar rana, ka kunna filashi ka rage ƙarfinsa zuwa -1, ya cike inuwa kawai ba tare da goshi ya yi ƙyalli ba. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa ga wanda yake tsaye, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 100 zuwa 400 da rana. Lambar f, wadda take nuna faɗin ƙofar da haske yake shiga kyamara, ga mutum ɗaya f/2.8 ya isa, ga jerin dangi sahu biyu ko uku sai f/8, in ba haka ba na gaba su fito tas na baya su yi dishi-dishi. Da daddare ƙwan sola kan sa fata ta yi shuɗi-shuɗi, to ka ɗauki farar takarda a ƙarƙashin wannan ƙwan ka saita launin kyamara da ita.

Yanzu hukunci. Duk gyaran da zai mayar da hoto ga abin da ido ya gani halal ne babu karhanci: ƙara hasken da kyamara ta rage, daidaita launi, yanke gefe, goge ɗigon ƙura. Har ƙurjin da ya fito jiya zai baje gobe, babu laifi a goge shi a hoton ajiya. Mayar da baƙi wankan tarwaɗa, ko rage hanci, ko goge tsagar gado da tabon da ya zauna, wannan wani abu ne daban. Ba na cewa canza halittar Allah ne irin wanda aka la'anci masu yinsa, tunda jikin mutumin yana nan yadda yake. Illarsa ƙarya ce, kuma nauyinta yana bin inda hoton zai je. Idan na bangon ɗaki ne, makaruhi ne, kuma ina ƙinsa ƙwarai, domin yana koya wa 'ya'yanmu raina launin da Allah ya ambata cikin ayoyinsa a Suratur Rum. Idan za a aika wa mai neman aure ne, haram ne. Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya kalli wadda yake nema don zamansu ya ɗore, kai kuma ka ba shi fuskar da babu ita. Na fasfo da katin ɗan ƙasa ba a taɓa kamanninsa ko kaɗan, don an yi shi ne a gane mutum. Shi wannan, ka zaunar da mutum mita 1 daga farin ƙyalle don inuwarsa ta faɗi ƙasa, ka ja baya mita 2, ka saita zuƙowar gilashin kyamara a 50mm ko sama. Matsowa kusa yana kumbura hanci ya ɓoye kunnuwa. Idan da waya kake aiki, ka duba filtar kwalliya, wayoyi da yawa suna goge fata su haska ta ba ka sani ba.

Maganar dillali kuwa, na san abin da yake nufi. Ka durƙusa ƙasa, ka matsa daf da ragon, ka buɗe gilashin kyamara zuwa 18mm, sai kai da ƙirji su kumbura, ɗan tsakatsakin rago ya koma kamar maraƙi, balle idan mai riƙe da igiya ya ja baya. Ba ka taɓa hoton da wani gyara ba, amma ka yi algus. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ya kuma hana a ƙi tatsar dabba don hantsarta ta cika a idon mai saye, ya ba wanda aka yaudara zaɓin mayarwa. Malamanmu suna kiran wannan ruɗi da aiki, kuma ɗaukar rago ta wannan kusurwa ɗan'uwansa ne. Mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid, ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, to a cinikin nesa hotonka shi ne siffar. Idan rago ya sauka a Legas ya saɓa mata, mai saye yana da haƙƙin mayarwa, zunubin kuma kai da dillali ne, domin Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo a Suratul Ma'ida.

Ɗaukar gaskiya ba ta hana hoto kyau. A wanke ragon, a tsayar da shi a fili mai tsabta, wannan duk halal ne. Ka ja baya mita 4 ko 5, ka saita 50mm, kyamara daidai tsayin gadon bayansa, saurin ƙiftawa 1/500 saboda motsi. Ka ɗauki gefen dama da na hagu, gaba da baya, da haƙora don a gane shekaru. Mutum ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ba a bayansa ba. Tunda na layya ne, ka nuna idanu biyu, ka haɗa da gajeren bidiyo yana tafiya, domin hadisin Bara'u ɗan Azib ya ambaci aibi huɗu da suke hana layya: bayyanannen harari-garke, wato makantar ido ɗaya, bayyananniyar cuta, bayyanannen gurgunta, da ramar da ta cinye ɓargo. Kada ka ƙara wa launi ƙarfi har gashi ya yi sheƙin da ba shi da shi. A WhatsApp ka tura su a matsayin fayil, don turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta ɓoye ƙananan aibobi.

Saura biki, ko da ba ka tambaya ba. Wurin da mata suka keɓe suka yi ado, kamar kamu da wuni, ba wurinka ba ne. Ka koya wa ƙanwarka ko matarka kyamarar ta shiga, ita kuma ta miƙa wa masu biki hotunan. Ba ya halatta ka ɗauki wanda bai yarda ba, ko ka sa hoton amaryar mutane a Facebook don tallar aikinka. Idan ka miƙa aiki, ka goge na mata daga memori da wayarka, domin waya tana ɓata, tana kuma zuwa wurin mai gyara.

Kuma ka sani karɓar kuɗin biki ijara ce, wato an ɗauke ka aiki ne da lada, ranar kuma ba ta maimaituwa. Ka tafi da batir biyu cikakku da memori biyu. Lokacin hunturu kada ka cire gilashin kyamara a fili, ƙura za ta sauka a cikinta ta fito baƙin ɗigo a kowane hoto. Ka hure ta da 'yar robar hura iska, kada ka goge da bakin riga, yashi yana karce gilashi. Da damina ka ajiye ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, don kada gilashin ya yi fumfuna. Idan hotunan mutane suka salwanta saboda sakacinka, ba ka cancanci ladan aikin ba, sai ka mayar musu da abin da ka karɓa.

Wallahu a'alam.