Me ya sa talaka ya fi mai hali yawan 'ya'ya?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da gidan marasa ƙarfi yakan fi na masu hali cika da yara, wasu kuma suka ce jahilci ne. Ni ban yarda ba. Na daɗe ina aikin duba masu juna biyu, kuma abin da na lura shi ne kowane gida da lissafinsa, ko da ba a furta ba.

Haihuwa ta Allah ce, babu ja. Amma macen da ta binne yara biyu ko uku, kada ki yi mata zancen tazarar haihuwa, ba za ta saurare ki ba. Tana haihuwa ne da tsoron wa zai tsaya mata. Sai an samu rigakafi da ruwa mai tsabta, iyaye sun ga yaransu na rayuwa, sannan hankali ke kwanciya, shi ma ba nan take ba.

Ga manomi kuma, yaro hannu ne a gona, shi ne kuma fanshonsa ranar tsufa. Ma'aikacin birni kuwa kowane yaro ƙarin kuɗin makaranta ne da haya da asibiti. Duka biyun da hankalinsu, halin da suke ciki ne ya bambanta.

Abin da na fi ganin tasirinsa shi ne karatun 'ya mace. Wadda ta gama sakandare takan yi aure a makare, takan san inda asibiti yake, bakinta kuma yana da nauyi a gida. Masu cewa addini ne kawai su dubi Iran: a tsakiyar shekarun 1980 mace kan haifi sama da yara 6, zuwa 2000 abin ya dawo kusan 2. Bangaladash ma haka ta sauko daga sama da 6 zuwa kusan 2, alhali ba ƙasar masu arziki ba ce.

In haihuwa ta ragu kuma, kuɗi kaɗai ma ba ya juya abin. A Koriya ta Kudu matsakaicin yaran da mace kan haifa ya faɗi zuwa 0.72 a 2023 duk da tallafin gwamnati, saboda tsadar gida da aikin da ba ya barin uwa ta yi raino. Ƙasar Sin ta janye dokar ɗa ɗaya, a 2021 har ta ba da damar haihuwar uku, amma ma'aurata ba su ruga ba.