Likita, Ƙwayar Barin Taba Tana Aiki Kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mashayin sigari ne tun ina saurayi, yanzu ga furfura ta fara leƙowa. Na sha yi wa iyalina alkawarin bari, wani lokaci in daure mako guda, wani lokaci ko wuni ba na cikawa. Ƙanena ya ce akwai ƙwaya mai suna Champix, amma abokin aikina ya ce tana taɓa ƙwaƙwalwa har mutum ya yi tunanin kashe kansa. Kuma na karanta cewa cikin mutum goma da suka sha, kusan takwas sun koma wa tabarsu. To ina amfaninta? Ko dai kasuwanci ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Lissafin da ka karanta ba ƙarya ba ne, sai dai rabinsa aka nuna maka. Kafin ka yanke wa magani hukunci, sai ka tambayi yadda waɗanda ba su sha shi ba suka ƙare. Cikin masu barin taba da ƙarfin zuciya kawai, ba magani ba mai ba da shawara, uku zuwa biyar ne cikin 100 suke kai shekara ba su koma ba. Da wannan adadin ake gwada kowane magani, ba da 100 bisa 100 ba.

Ga yadda ake gwajin. Ana tara mashaya masu son bari, a raba su da ƙuri'a. Wasu a ba su maganin gaske, wasu a ba su ƙwayar wofi mai kama da shi sak, wadda babu komai a cikinta. Mai sha bai san wacce aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Kuma ba a tsayawa kan “wallahi na daina”. Duk likita ya san mashayin da zai rantse ya bari alhali warin na tashi daga rigarsa. Don haka ake sa mutum ya hura iska cikin wata 'yar na'ura da ke auna gubar hayaƙi a numfashinsa.

Maganar abokin aikinka tana da asali. An amince da wannan ƙwaya a Amurka a 2006, kuma a jikin kwalinta za ka ga an rubuta varenicline. Ba a daɗe ba rahotanni suka fara shigowa na masu shan ta da suka shiga ƙunci ko tunanin hallaka kai, har a 2009 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta sa aka buga gargaɗi mafi tsanani a takardar maganin. Matsalar rahoto irin wannan ita ce, barin taba shi kansa yana kawo ƙunci, saurin fushi da rashin barci. Idan mutum ya bar taba ya kuma sha ƙwaya a mako ɗaya, wa za ka ɗora wa laifi?

Sai aka yi babban gwajin da ake kira EAGLES, aka fitar da sakamakonsa a 2016. Mutum sama da 8,000 ne a ƙasashe 16, kusan rabinsu da gangan aka zaɓo masu tarihin lalurar ƙwaƙwalwa, irin su ciwon damuwa. An raba su gida huɗu: masu shan varenicline, masu shan wata ƙwayar barin taba mai suna Zyban, masu liƙa filastar nikotin, da masu ƙwayar wofi. Ba a samu wani bambanci mai ƙarfi ba tsakanin magungunan da ƙwayar wofi wajen matsalolin ƙwaƙwalwa masu tsanani. Masu tarihin lalurar sun fi fuskantar matsala, amma a dukkan gidajen huɗu, har da masu ƙwayar wofi. A ƙarshen shekarar hukumar ta cire gargaɗin.

Shi kuma bari fa? Zuwa wata shida, kimanin 22 cikin 100 na masu varenicline ba su koma ba. Masu Zyban da masu filasta wajen 16 kowanne, masu ƙwayar wofi kuwa wajen 9. Takwas ɗin da ka karanta daga irin wannan lissafi suka fito. Ni abin da nake gani a ciki shi ne an ninka damar mutum fiye da sau biyu.

Zargin kasuwanci ma ban ga laifinka ba, domin kamfanonin da ke yin magungunan ne suka biya kuɗin wannan gwaji. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne hukumomi ne suka tilasta a yi shi, kuma gwaje-gwaje da dama kafinsa da bayansa sun nuna abu ɗaya.

Aikin ƙwayar a jiki ba shi da wuyar ganewa. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin da zuƙar hayaƙi, ya zauna a wasu gurabu da ke sakin sinadarin jin daɗi. Varenicline kamar wanda ya riga mai kujera zama ne: yana ɗan sakin daɗin don jarabar ta lafa, sannan in ka kunna kara, nikotin ya tarar babu wurin zama, tabar ta yi lami. Ana fara sha mako guda kafin ranar da ka tsayar ta barin taba, a ci gaba mako 12. Abin da aka fi kuka da shi tashin zuciya ne da mafarkai barkatai, kuma sha bayan cin abinci da ruwa mai yawa yana rage na farkon. A 2021 kamfanin Pfizer ya janye Champix daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a ciki, don haka wanda za ka samu yanzu wataƙila na wani kamfani ne.

Zyban asalinsa maganin ciwon damuwa ne, kuma ba a ba wa mai farfaɗiya. Filasta, cingam da alewar nikotin suna ƙara damar bari da kimanin rabi, kuma haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai. Mutane na tsoronsu wai ai nikotin ne, alhali abin da ke kawo cutar kansa da ciwon huhu yawancinsa daga hayaƙin ƙonawar yake.

Akwai wanda nake ganin ba a yi masa adalci ba, wato Tabex, mai sinadarin cytisine da ake samu daga tsiro. Tun shekarun 1960 ake yin sa a Bulgeriya, mutanen gabashin Turai na sha, sauran duniya ba ta waiwaye shi ba. A gwajin da aka yi a Polan da mutum 740, aka wallafa a 2011, kashi 8.4 cikin 100 sun kai shekara ba taba, masu ƙwayar wofi kuwa kashi 2.4. Kwana 25 ake shan sa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magunguna huɗu da ta ba da shawarar amfani da su, tare da ukun da na ambata, ta kuma ce haɗa magani da zaman shawarwari ya fi.

Shawarata, Malam, ka ga likita ido da ido, ka faɗa masa kara nawa kake sha a rana, da ko kana da ciwon ƙoda, farfaɗiya ko lalurar ƙwaƙwalwa. Ka sanar da iyalinka ranar da ka fara, domin in halinka ya sauya su za su riga ka lura. In ka ji tunanin cutar da kanka, ka tsayar da maganin ka koma asibiti a ranar. Furfura kuma ba hujja ba ce: binciken da aka shafe shekara 50 ana bibiyar likitocin Birtaniya ya nuna wanda ya bari yana da shekara 50 ya ƙwato kimanin shekara shida na rayuwarsa, mai 60 kimanin uku.

TAMBAYA: Likita, mijina ya koma sigarin lantarki, wai da shi zai daina. Gaskiya ne?

AMSA: Malama, akwai ƙamshin gaskiya. A wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 886, aka wallafa a 2019, kashi 18 cikin 100 na masu sigarin lantarki sun kai shekara ba taba, masu filasta da cingam kusan kashi 10. Amma cikin waɗanda suka bari da shi, kashi 80 suna nan suna zuƙarsa bayan shekarar, kuma duk mahalartan sun samu zaman shawarwari na makonni. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin jerinta ba. Ki lura ko maigida ya ajiye tabar gaba ɗaya ne ko yana haɗa biyun, domin ko kara ɗaya a rana yana cutar da zuciya.