Tambaya da Amsa: Injuna Za Mu Saya, Ko Gyaran Yana Wani Wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban wata makarantar koyon sana'o'i mai sassan lantarki, walda, kanikanci da gyaran firiji. Yaranmu suna cin jarrabawa da kyau, amma in sun je neman aiki sai masu kamfani su ce sai an sake koya musu daga farko. Yanzu mun samu wani tallafi, malamaina kuma sun dage a sayi sababbin injuna. Shin a nan matsalar take? Daga wani shugaban makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo. Shawarata ita ce kada ka zuba kuɗin duka a injuna. Malamanka suna da gaskiya cewa kayan aiki na da muhimmanci, sai dai abin da masu kamfani suke kuka da shi ba inji ne ke maganinsa ba.

Ni lantarki na koyar, kafin nan kuma na yi aikin haɗa wuta a gine-gine, don haka bari in ba ka misali daga can. A makaranta, ɗalibi yana tsaye gaban allon gwaji, wayoyi a fili, kowace da launinta, zane yana hannunsa, matsalar ma malami ne ya dasa ta da gangan. Ranar da ya fita aiki, abin da zai ji shi ne: "Wutar ɗakin nan tana ɗaukewa in an kunna hita." Wayoyin suna binne cikin bango, wani ne ya ja su shekarun baya, babu zane, wataƙila ma ya haɗa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri. Dole yaron ya san tambayar da zai yi wa mai gidan, ya kashe layi ya gwada da mita ya tabbatar babu wuta kafin ya sa hannu, ya bi layin soket bayan soket, sannan ya yi wa mutumin bayanin abin da za a canza da dalilinsa. Ko ka sayi allon gwaji mafi tsada, ba zai koya masa wannan ba. A bakin aiki ake koyonsa, kusa da wanda ya daɗe yana yi.

Ƙasashen da suka yi fice a wannan fanni a nan suka sa ƙarfinsu. A Jamus, ƙarƙashin dokar koyar da sana'a ta 1969, ɗan koyo yana yin kwana uku ko huɗu na kowane mako a kamfani, sauran kwanakin a makaranta, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma kamfanin yana biyansa. Sana'o'in da aka amince da su a tsarin sun haura 300. Abin da ya fi burge ni shi ne jarrabawar ƙarshe. Ƙungiyoyin masana'antu da na masu sana'ar hannu ne ke shirya ta, a kwamitin kuma akwai wakilan masu kamfani, da na ma'aikata, da malaman makaranta. Shi ya sa mai ɗaukar aiki ba ya shakkar takardar, don da shi aka tantance mai ita. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanya suke bi bayan karatun dole. A Brazil, tun 1942 masana'antu suke ɗaukar nauyin cibiyoyin koyar da sana'a na SENAI, yanzu kuma suna ba da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Ko Ingila, da ta ɓullo da kwasa-kwasan sana'a na T Level a 2020, ta sharɗanta aƙalla kwana 45 a wurin aiki.

Ba cewa nake ka kwafo tsarin Jamus ba. Wannan ya fi ƙarfin makaranta ɗaya, yana buƙatar doka da kamfanoni masu son kashe kuɗi. Amma akwai abin da ke hannunka. Ka fita da kanka ka zauna da masu gareji, da 'yan kwangilar gini, da masu gyaran na'urorin sanyi, ka tambaye su ayyuka goma da suke so sabon yaro ya iya ranar farko. Ka kwatanta da manhajarka. Sannan ku yi yarjejeniya a rubuce kan tura ɗalibai: ayyukan da za a koya musu, wanda zai kula da su, kayan kariya, da ranakun da malami zai je dubawa. Wannan rubutun kada a yi wasa da shi. Na sha ganin yaron da aka tura koyon aiki ya shafe watanni yana shara da zuwa aike, bai taɓa riƙe sifana ba, kuma makaranta ta sa masa maki. Wannan cin amanar yaro ne da iyayensa. Ranar jarrabawar aikin hannu kuma, ka gayyato biyu daga cikin waɗannan ƙwararrun su ba da maki tare da malamanka.

Sai batun malaman su kansu, kuma ka yi shi da lalama don ba laifinsu ba ne. Sana'a tana tafiya ta bar wanda ya zauna a aji. Dubi sashenka na firiji. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Montreal ta 1987 ta kawar da R12, tsohuwar iskar sanyaya firiji, gyaran Kigali na 2016 kuma yana rage waɗanda suka gaje ta. Firiji da yawa na gida yanzu da iskar R600a suke aiki, ita kuwa tana kamawa da wuta. Malamin da rabonsa da wurin gyara ya daɗe zai iya koya wa yaro ya kunna wutar walda a bututun da bai gama fitar da iskarsa ba. Haka kanikanci: motocin yanzu sai an jona musu na'ura ta karanto lambar matsala. Ka ware kuɗi malamai su riƙa komawa wurin aiki lokacin hutu, a kuma biya su.

Wani abu da ba na so ka yarda da shi, ko da masu kamfani sun nema, shi ne rage darasin lissafi da karatu don ƙara awannin aikin hannu. Wani bincike da masanin tattalin arziki Eric Hanushek da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa masu ilimin sana'a sun fi masu karatun gama-gari saurin samun aiki a ƙuruciya, amma fifikon yana raguwa da shekaru. Wanda bai iya karanta littafin bayanin na'ura ba, ko lissafin nauyin da waya za ta ɗauka, shi ne ke fara zama a gefe in fasaha ta sauya.

To, kuɗin fa? Ka fara da abin da ke ƙarewa: sandunan walda, ƙarfen gwaji, waya, iskar gas, tabarau da safar hannu. Injin walda sabo fil ba ya amfanin komai in ɗalibi talatin za su raba sanda biyar. Sai ƙananan kayan da kowane yaro zai riƙe da hannunsa, don mita ashirin sun fi babban inji ɗaya da malami zai kunna ɗalibai suna kallo daga nesa. Ka ware wani kaso na kuɗin motar malaman da za su duba yara a wuraren aiki, da na kiran waya, domin bayan wata shida da yaye kowane aji a kira su ɗaya bayan ɗaya a ji wa ya samu aiki, a wane fanni, kuma me ya tarar bai iya ba. Abin da ya rage, sai a sayi inji, kuma irin wanda masu kamfanin da ka zauna da su suka ce shi suke amfani da shi, bayan ka tabbatar ana samun kayan gyaransa.