Tambaya da Amsa: In sa Linux a tsohuwar kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Tudun Wada, Gombe. Laftof ɗina HP ce ta gwanjo, RAM ɗinta 4GB, ga ta da nauyi wajen buɗewa. An ce min an daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ta ƙi hawa. Abokina ya ce in sa Kali Linux. Ban taɓa ko ganin Linux ba, kuma furojet ɗina na kammala karatu duk yana cikinta. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Microsoft ta dakatar da tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. To amma kwamfutarka da sauranta.

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kuma iri-iri ce. Kali kam ka rabu da ita. Don ƙwararrun masu gwada tsaron na'urori aka yi ta. Samari da dama sun kawo min kwamfutocinsu shago bayan sun ɗora ta, sun kasa ko haɗa Wi-Fi, sai su yanke hukuncin cewa Linux wahala ce. Wadda ta dace da kai ita ce Linux Mint, samfurin Xfce, domin ba ta cin RAM sosai, kuma fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da ka saba da ita: maɓallin jerin manhajoji a ƙasan hagu, agogo a ƙasan dama. Kyauta ce, babu lasisin da za ka saya ko ka fasa. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ginshiƙin Linux a 1991, kuma wayar Android da ke aljihunka a kansa take tafiya.

Kafin komai, kwafe furojet ɗinka zuwa wani filash, sannan ka buɗe shi a wata kwamfutar ka tabbata ya kwafu. Ka tura wa kanka shi ta imel ma. Na ga hawayen ɗalibai a kan wannan, ba na so in ga naka.

Daga nan ka sauke Mint daga shafinsu. Ta kusa kai 3GB, don haka ka jira datar dare. Ka nemi filash na 8GB wanda ba komai a ciki, saboda Rufus, manhajar da za ta ɗora Mint a kansa, za ta share duk abin da ta tarar. Idan Rufus ta gama, kashe kwamfutar, soka filash, kunna ta kana ta danna F9, wanda shi ne maɓallin HP, sai ka zaɓi filash ɗin. Mint za ta buɗe daga kansa ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. Kamar ɗanɗana fura ne kafin ka biya. A nan nake so ka daɗe. Gwada Wi-Fi, gwada sauti, sannan ka buɗe furojet ɗinka da LibreOffice Writer, madadin Word a Mint, ka duba teburori da lambobin shafi, domin wani lokaci takardar Word tana ɗan gocewa. Idan Wi-Fi ya ƙi, jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet, sai Driver Manager, manhajar Mint mai nemo abin da sassan kwamfuta ke buƙata don su yi aiki, ya nemo abin da ya rage.

Akwai inda ba zan ɓoye maka ba. CorelDraw da Photoshop ba su da samfurin Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma idan kana yi wa masu ɗab'i zanen katin biki, su fayil ɗin Corel suke karɓa. In haka ne, ka zaɓi ɗora Mint kusa da Windows, kowacce da gefenta.

Baƙin allon nan na rubuta umarni kada ya firgita ka. Yawancin manhajoji ta Software Manager ake ɗora su da dannawa kawai. Sai dai duk umarnin da ya fara da sudo, kada ka kwafo shi daga intanet ka liƙa sai ka san aikinsa, don da cikakken iko yake aiki. Ka kunna Timeshift tun ranar farko, shi zai mayar da kai baya idan wani abu ya lalace. A jerin allunan rubutu kuma akwai na Hausa, za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da dabara ba.

Shawarata, ka riƙa koyo ta filash har ka miƙa furojet, sannan ka ɗora ta gaba ɗaya, a ranar da batir ya cika kuma akwai wuta, domin ɗaukewarta a tsakiyar aiki na iya ɓata maka diski. Idan kuɗi sun samu, ka sauya tsohon diskin da SSD, wato diski na zamani mai sauri. Sau da yawa nauyin da kake kuka da shi daga can yake.