Amsa ga ƙanena mai son yin digiri na uku a kan haƙƙin al'umma da ke wuyan kamfanoni

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso tare da shafuka shida na tsarin binciken da kake son turawa jami'o'in Birtaniya, kuma na karanta shi sau biyu kafin na zauna ba ka amsa. Kai ne mutum na huɗu a bana da ya turo mini kusan wannan take, wato tasirin ayyukan alherin kamfanoni a kan ribar da suke samu. Ba zan ɓoye maka ba, idan ka tura shi a yadda yake, da wuya wani malami ya wuce shafin farko. Batun biza da tallafin karatu da ka tambaya yana nan a rubuce a shafukan jami'o'in, kuma ba shi ne zai kayar da kai ba.

Kuskurenka na farko shi ne ka ɗauki haƙƙin al'umma a matsayin kyauta: kamfani ya haƙa rijiya, ya gyara ajin makaranta, a ɗauki hoto. Fagen ya daɗe da wuce nan. A 1970 Milton Friedman ya rubuta cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara riba ba tare da ya saɓa ƙa'ida ba, a 1984 kuma Edward Freeman ya kafa ra'ayin cewa dole shugabannin kamfani su lura da duk masu ruwa da tsaki, ma'aikata da masu saye da al'ummar da ke kewaye, ba masu hannun jari kaɗai ba. Ko Archie Carroll, wanda ka ambata har sau biyar, da ya jera nauye-nauyen kamfani huɗu a 1991, kyauta ce ta zo a ƙarshe, bayan samun riba da bin doka da kiyaye ɗa'a. Abin da masana ke tambaya yanzu shi ne ta wace hanya kamfani ya samo kuɗinsa, kuma wa ya cutu a kan hanyar. Lokacin da ginin Rana Plaza, mai ɗauke da masana'antun ɗinka tufafi, ya rufta a Bangladash a watan Afrilun 2013, mutane fiye da 1,100 ne suka mutu, alhali tun ranar da ta gabata an ga tsagewa a jikin ginin, aka kuma umarci masu ɗinki su koma bakin aiki. Babu yawan rijiyoyin da zai amsa wannan.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, domin ni ma da shi na sauka a ƙasar nan. Ka ce za ka raba wa manajoji takardar tambayoyi, sannan ka kwafi alƙaluma daga rahoton shekara na kamfanoni. Ma'ana, kamfani ne zai ba da shaida a kan kansa. A zamana na farko da malamar da ta duba aikina, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar tasiri, ta rubuta a gefe: ta yaya ka sani? Na fita ofishinta jikina a sanyaye, kuma sai da na shafe kusan shekara guda kafin na iya amsa wannan tambaya. Idan ka ga kamfanonin da ke yawan ayyukan al'umma sun fi riba, ta yaya za ka tabbatar cewa ayyukan ne suka kawo ribar, ba ribar ce ta ba su halin yin ayyukan ba? Tun shekarun 1970 ake wannan bincike, an rubuta ɗaruruwan maƙaloli, kuma galibin abin da aka samu alaƙa ce ƙarama wadda har yau ake gardamar musabbabinta.

Su ma ma'aunan da za ka dogara da su ba su da tabbas. A watan Satumban 2015 an sanya Volkswagen a kan gaba a cikin kamfanonin mota a jerin ɗorewa na Dow Jones, wanda ke jera kamfanoni bisa yadda suke kula da muhalli da al'umma da tafiyar da harkokinsu, kuma a cikin wannan watan ne asiri ya tonu cewa an sa wa motoci kimanin miliyan 11 manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi. Wani bincike na Florian Berg da abokan aikinsa da aka buga a 2022 ya kwatanta hukumomi shida masu ba kamfanoni maki a kan muhalli da al'umma da shugabanci, ya gano cewa matsakaicin daidaiton makinsu 0.54 ne kawai, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito, yayin da na masu auna ƙarfin biyan bashi ya kai 0.99. Duk ɗalibin da ya ɗauki maki ɗaya ya gina kundinsa a kai ba tare da ya tuhume shi ba, zai sha wuya ranar kare kundi.

Akwai abin da babu wanda ya faɗa mini kafin na taso. Kamfanoni ba sa son mai bincike. Wani kamfani da ya amince mini na yi hira da ma'aikatansa ya janye bayan wata huɗu, da zarar tambayoyina suka kai ga yadda yake zaɓar masu kawo masa kaya, kuma bisa yarjejeniyar da na sa wa hannu, dole na goge hirarrakin da na naɗa gaba ɗaya. Na zauna gaban kwamfuta da dare ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ban da wannan, za ka haɗu da masu duba maƙala waɗanda ke ganin aikin ɗan Afirka shi ne ya kawo bayanai daga gida, su kuma su gina ra'ayi a kai. Wani ya taɓa tambayata dalilin da zai sa mai karatu ya damu da binciken da ba a Turai ko Amurka aka yi shi ba. Na ba shi amsa a shafuka uku, aka mayar mini da maƙalar sau uku, kuma a ƙarshe ta fito a mujallar da malamaina suke bugawa. Alhamdulillahi, babu wanda ya rubuta mini layi ɗaya a cikinta.

Ba ina kashe maka gwiwa ba ne, domin fagen yana buƙatar mutane. Amma ka nemi tambayar da za a iya amsawa. Dubi Indiya: dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekaru uku a kan ayyukan al'umma. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta kamfanonin da dokar ta hau kansu da waɗanda suka gaza ma'auninta da kaɗan, kafin dokar da bayanta. Irin wannan tsari ne yake ba mutum damar furta kalmar tasiri.

Kafin ka sake rubuto mini, ka karanta maƙaloli goma na shekaru biyar da suka wuce daga mujallar Journal of Business Ethics, ka fara koyon manhajar nazarin alƙaluma ta Stata ko R, sannan ka turo mini shafi biyu kacal: tambayarka a jimla ɗaya, inda za ka samo bayanan da ba kamfanin ne ya rubuta su da kansa ba, da sunan malami ɗaya wanda ka karanta aikinsa daga farko har ƙarshe. In sha Allahu zan duba maka a cikin mako guda.